Babi na Shida: Zaɓen Maɗaukin Sauti na Wajen Jaki

A cikin dukan sassan jitar lantarki, tun daga kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya a kansu har zuwa ramin da ake soka waya, babu wanda ya sha tuhuma, aka yanke masa hukunci ba tare da an saurari hujjarsa ba, kamar maɗaukin sautin nan da ke zaune dab da jaki, watau ƙarfen da tsirkiya ke hawa a gindin jita. In makaɗi ya ji sautinsa ya yi tsini yana sukar kunne, shi ne mai laifi. In ya ji sautin ya dushe ya rasa armashi, shi ne. In kuwa ganguna da jitar bas suka haɗiye muryarsa a filin wasa har jama'a ba su san yana kiɗa ba, to, shi ne dai. Da yake kuma maƙera a yau sun cika kasuwa da ɗaruruwan iri, kowanne da sunansa da kirarinsa, mutumin da ya ɗaura niyyar canji yakan wayi gari cikin ruɗanin da ya fi wanda ya baro. Saboda haka ya kamata, kafin mu kai ga maganar wanne za a saya, mu fara sanin aikin wannan maɗauki da dalilin da ya sa mazauninsa ya fi na 'yan'uwansa wuya.

Asalin abin ba shi da wuyar fahimta. A shekarar 1831 masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ya tabbatar da cewa idan aka naɗa waya a kusa da maganaɗisu, sa'an nan aka motsa ƙarfin maganaɗisun ta kowace hanya, lantarki zai gudana cikin wayar gwargwadon motsin; bayan shekara ɗari kuma, a birnin Los Angeles na Amurka, George Beauchamp da abokin sana'arsa Adolph Rickenbacker suka ɗora wannan ƙa'ida a kan jita, suka fara sayarwa a 1932. Maɗauki dai ba kome ba ne illa maganaɗisu da wayar jan ƙarfe siririya ƙwarai, wadda kaurinta wajen kashi 6 cikin 100 na milimita ne, an naɗa ta sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe tana kaɗawa a bisansa tana dama ƙarfin maganaɗisun, shi kuwa yana mai da damawar lantarki ya miƙa wa amfilifaya. Ba ya jin iska, ba ya jin itace sai ta hanyar abin da itacen ya yi wa tsirkiya. Iyakar saninsa shi ne motsin ɗan guntun tsirkiyar da ke bisa kansa, kuma a nan ne mas'alar take.

Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki kimanin santimita 65 ne a jitar Fender, kimanin 63 a ta Gibson, kuma idan aka kaɗa ta, tsakiyarta ce ke yin lilo mai faɗi, bakunanta biyu kuwa da ƙyar suke motsi. Ban da wannan babban lilo, wanda shi ke ba da uwar murya, tsirkiyar tana kuma rarrabuwa gida biyu, gida uku, gida huɗu, har abin da ya yi sama, kowane rabo yana fitar da tasa siririyar murya, waɗannan su ne 'yan amshi, kuma yawansu da ƙarancinsu shi ke bambanta sautin wannan kayan kiɗa da na wancan. To, maɗaukin da ke wajen wuya, nesa da jaki da kimanin santimita 16, yana zaune inda uwar murya ke da ƙarfi, sai ya ba da sauti mai kauri da taushi ba tare da wahala ba. Amma na wajen jaki, wanda tsakaninsa da jakin bai fi santimita 4 ba, an ajiye shi inda uwar murya ta raunana, 'yan amshi suka rinjaye ta, sai ya fito da sauti mai kaifi kuma marar ƙarfi. Duk mai kaɗa garaya ko molo ya san wannan da hannunsa ko da bai san shi da lissafi ba, domin da zarar ya matso da hannu kusa da jaki yakan ji sautin ya ƙanƙance ya yi tsini. Kaifin nan fa ɗabi'ar wurin ce. Babu maɗaukin da zai kawar da ita gaba ɗaya, kuma da za a kawar da ita, da amfanin mazaunin ya tafi, tun da saboda ita ce ake jin jita a tsakiyar hayaniyar sauran kayan kiɗa.

Magabatan maƙera ba su damu da wannan bambanci kamar yadda muka damu ba. Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, kuma shi kansa ba makaɗin jita ba ne, ya fitar da jitar da aka sani da Telecaster a 1950 da 1951, da Stratocaster a 1954, kuma masu sayensu na farko makaɗan raye-rayen karkarar Amurka ne, waɗanda babu abin da suke so kamar sauti mai haske da zai keta ɗakin rawa. Abin da ya yi don sassauta lamarin shi ne ya karkata maɗaukin jaki, ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri ya ɗan nisanci jakin, na sirara ya kusance shi. Amma a Stratocaster maɗauka uku iri ɗaya ya jera, bai ƙara wa na jaki naɗi ba, bugu da ƙari mamurɗan taushi guda biyu da ya sa, ɗaya na wuya ne ɗaya na tsakiya, na jaki kuwa aka bar shi tsirara ba abin da ke rage masa kaifi. Haka kamfanin Gibson a wancan zamani bai ware na wuya da na jaki ba, wanda hannun ma'aikaci ya ɗauko shi ake ɗaurawa. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin yawan ƙorafin da ake yi a kan wannan mazauni ba.

Maɗauka sun kasu mazhaba biyu manya. Akwai tilo, mai naɗi ɗaya, irin na Fender da kuma P-90 na Gibson wanda ya fito a 1946. Sautinsa a fili yake, kowace tsirkiya ana jin ta daban, sai dai yana da aibi guda, watau naɗin nan da ke jin tsirkiya yana kuma jin wutar gida, da taransifoma, da fitilu, da cajar waya, ya tara su ya fitar da ƙugi wanda ke kaɗawa sau 60 a sakan a Amurka, sau 50 a Turai da Nijeriya da Nijar. Akwai kuma tagwaye, wanda makaɗa ke kira hambaka, ƙirar Seth Lover ma'aikacin Gibson, wanda ya nemi rajistar haƙƙinsa a 1955, aka fara ɗaura shi a jitar Les Paul a 1957, aka ba da rajistar a 1959. Hikimarsa ita ce naɗi biyu ne a gefen juna, an juya alƙiblar naɗin ɗaya an kuma juya fuskar maganaɗisunsa, ta yadda ƙugin da ya shigo daga waje zai zo wa naɗin biyu a saɓanin juna ya kashe kansa, motsin tsirkiya kuwa, da yake an juya shi sau biyu, ya haɗu ya ƙaru. Ladan wannan dabara shi ne shiru da ƙarfi da kauri, farashinta kuwa wani abu ne na haske da ake rasawa. Waɗannan na farko su ne ake kira PAF, saboda 'yar takardar neman rajista da aka liƙa a gindinsu, kuma yau ana sayensu da tsada mai ban tsoro; amma yana da kyau mai karatu ya sani cewa injinan naɗin lokacin ba su tsayawa da kansu a adadi guda, kowane naɗi wajen 5,000 ne amma wani ya haura wani ya gaza, har ya zama da wuya a sami biyu masu sauti ɗaya. Wanda duk ya ce zai sayar maka da ainihin sautin PAF, sai ka tambaye shi na wanne daga cikinsu.

Sana'ar sayar da maɗauki shi kaɗai, don a cire na asali a sa shi, ba ta kafu sosai ba sai a 1972, sa'ad da Larry DiMarzio na birnin New York ya fitar da wanda ya kira Super Distortion, hambaka mai naɗi da yawa da maganaɗisun seramik, wanda ya yi daidai da ramin na Gibson ba sai an sassaƙe jita ba. Sababin fitowarsa shi ne makaɗan rok na zamanin suna son sauti ya tsage ya yi gurnani ya daɗe bai mutu ba, alhali amfilifayoyin lokacin, irin su Marshall na farko, ba su tsagewa sai an murɗe su har ƙarshe, abin da kunne da maƙwabta ba su iya ɗauka. Sai aka ga hanya mafi sauƙi ita ce a tura musu lantarki mai yawa tun daga jita. Seymour Duncan, wanda ya yi wa makaɗin jita Jeff Beck aiki a Landan kafin ya kafa kamfaninsa a Santa Barbara a 1976, ya bi da nasa mai suna JB. Eddie Van Halen kuma, da ya ɗaura hambakar Gibson a jikin jita mai siffar Stratocaster, ya fitar da faifansa na farko a 1978, sai samari a ko'ina suka ɗauki kurfi suna faɗaɗa ramin jitocinsu. To, amma malaman usulu sun koya mana cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, in illa ta gushe hukunci ya gushe. Tun daga 1975 Marshall ya fara fitar da amfilifaya mai bolum biyu, wanda ke tsagewa ba sai ya yi ƙara ba, yau kuwa ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa, wanda kuɗinsa bai kai na maɗauki ba, yana ba da gurnanin da ya wuce bukata. Duk da haka har yanzu mafi yawan masu neman canji, kalmar farko da ke fitowa bakinsu ita ce suna son mai zafi, sun riƙe hukuncin sun manta illarsa ta daɗe da tafiya.

Sharaɗi na farko, wanda in babu shi duk abin da ya biyo baya ɓata kuɗi ne, shi ne mutum ya iya faɗin aibin sautinsa da kalmomi bayyanannu, kamar yadda likita ba ya rubuta magani don majiyyaci ya ce ba ya jin daɗi, sai ya tambaye shi ina ne ke ciwo, yaushe ya fara, me ke tayar da shi. Cewa sautin bai yi ba, wannan ba bayani ba ne. Amma in ya ce kaifin ya yi yawa a tsirkiyoyi biyu na ƙasa, ko ya ce idan ya sauya daga na wuya zuwa na jaki sautin yana faɗuwa, ko ya ce idan ya haɗa tsirkiya shida cikin gurnani sai su cakuɗe ba a rarrabe su, ko ya ce yana tsuwwa da zarar ya kusanci lasifika, to, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sababinsa daban da maganinsa daban, kuma maganin wani yakan zama dafin wani, domin naɗi mai yawa da zai warkar da kaifi shi ne zai ƙara cakuɗewa.

Idan an san aibin, wajibi ne a gwada abubuwan da ba su cin kuɗi tukuna. Na farkonsu tsayi: a danne tsirkiya a matakin ƙarshe na wuya, a auna ratar da ke tsakaninta da ƙusoshin da ke fuskar maɗauki, wadda galibi takan kasance tsakanin milimita 1.5 da 2.5, sa'an nan a ɗauki sukundireba a ɗaga ko a sauke, rabin juyi rabin juyi, ana saurare. Ɗagawa tana ƙara ƙarfi da cizo, saukewa tana kawo taushi da sarari, kuma ana iya sauke ɓangare ɗaya a bar ɗaya. Sai dai tilo irin na Fender, da yake ƙusoshinsa su ne maganaɗisun da kansu, in ya matso ƙwarai yakan ja tsirkiya ya hana ta lilo, har a ji murya tana rawa kamar ba a ɗaure ta daidai ba. Na biyu bolum, wanda ko an buɗe shi duka yana zubar da wani abu na kaifi zuwa ƙasa: al'ada ita ce mai om 250,000 ga tilo, mai 500,000 ga hambaka, kuma hambaka da yawa da aka zarga da dushewa laifinsu kawai an haɗa su da bolum ƙarami, kamar yadda Gibson kansa ya yi shekaru yana sa mai 300,000 tun daga shekarun 1970. Na uku, ga mai Stratocaster ta tsohon tsari, ɗan guntun waya guda da mai gyaran rediyo zai liƙa da dalma a jikin makunnin zaɓi ya isa ya haɗa maɗaukin jaki da mamurɗin taushi, kuma a ganina wannan ɗan aiki ya warkar da jitoci fiye da yadda sabon maɗauki ya warkar. Tsofaffin tsirkiyoyi da gumi ya cinye, da doguwar waya marar kyau, su ma suna da nasu kason.

In duk an yi waɗannan aibin yana nan, to, canji ya halatta, kuma a nan ne mai saye zai gamu da lambar da ta fi kowace lamba yaudarar mutane, watau adadin om da ake rubutawa a jikin kwali. Mutane sun ɗauka wannan lamba ma'aunin ƙarfi ce, mai 16,000 ya ninka mai 8,000; alhali kuwa abin da mita ke aunawa shi ne wahalar da lantarki ke sha wajen ratsa wayar, wadda ke ƙaruwa da tsawon waya, tana kuma ƙaruwa da sirantarta, ba ta kuma san kome game da maganaɗisu ba. Maɗaukin wuya na Telecaster, da yake wayarsa ta fi siranta, yakan nuna sama da om 7,000, ya ɗara na Stratocaster mai wajen 6,000, amma bai fi shi ƙarfi ba; Filter'Tron na jitar Gretsch, ƙirar Ray Butts, wajen 4,000 kawai yake nunawa, kuma babu wanda ya taɓa jin sa ya ce rarrauna ne. Har zafin rana yana taɓa lambar, domin jan ƙarfe yana ƙara kusan kashi 4 cikin 1,000 a kowane digiri, ta yadda maɗaukin da aka auna 8,000 a masana'anta mai sanyin digiri 20 zai nuna wajen 8,600 a shagon Kano ran da zafi ya kai 40, ba tare da an yi wa kowa algus ba. Ƙiyasi da om ba ya inganta sai tsakanin maɗauka biyu masu siffa ɗaya, da waya ɗaya, da maganaɗisu ɗaya.

Lambar da ta fi cancantar a nema, ko da yake ba kowane maƙeri ke bayyana ta ba, ita ce ta henri, wadda ke nuna yadda naɗi ke tauye sauti mai saurin kaɗawa. Bayaninta shi ne naɗin maɗauki da wayar da ta tafi amfilifaya, idan suka haɗu, suna zaɓar wani yanki na sauti su ɗaukaka shi, abin da ya haura wannan yanki kuwa su datse shi. Wurin da wannan ƙololuwa ta faɗa shi ne mafi girman abin da kunne ke ji ya ce wannan muryar Fender ce, waccan ta Gibson. Tilo mai henri 2.5 da wayar mita 6 ƙololuwarsa takan faɗa wajen kaɗawa 3,800 a sakan, inda kunnen ɗan Adam ya fi ji, shi ya sa yake ƙyalli kuma yake suka. Hambaka irin ta dā mai henri 4.5 takan sauko wajen 2,800. Mai zafi mai henri 8 kuwa wajen 2,100, inda sauti ke yin kauri da hanci, hasken sama ya tafi. Ma'anar wannan ita ce duk naɗin da aka ƙara, ƙarfi ne aka saya da kuɗin haske, ba a samun su biyu a ciniki ɗaya. Kuma akwai wani abin lura, wanda shi ya sa ni kaina na fi karkata ga matsakaici: kaifin da ya yi yawa ana iya rage shi da mamurɗi a kowane lokaci, ƙarfin da ya gaza ana iya ƙara shi a amfilifaya, amma hasken da naɗi ya datse tun a jita babu na'urar da za ta dawo da shi yadda yake.

Maganar maganaɗisu ba ta bukatar tsawaitawa, ko da yake an cika muhawara a kanta. Alniko, wanda sunansa ya fito daga ƙarafan da aka haɗa da baƙin ƙarfe aka yi shi, watau alminiyam da nikel da kobalt, yana da lambobi, na 2 ya fi laushi, na 5 ya fi ƙarfi da cizo. Seramik ya fi arha kuma yakan fi ƙarfi, ana son sa inda ake bukatar sauti mai tauri wanda ba ya sakwarkwacewa cikin gurnani. Baƙin jinin da seramik ya yi ya samo asali ne daga jitoci masu arha, inda ake manna shi a ƙarƙashin ƙusoshin ƙarfe da naɗin da aka yi ba kula, sai aka ɗora wa maganaɗisu laifin naɗi. Murfin ƙarfe da ake rufe hambaka da shi shi ma yana shan ɗan haske, musamman in na tagulla ne mai kauri, shi ya sa makaɗan Ingila irin su Eric Clapton suka riƙa cire shi a shekarun 1960.

Sai kuma taƙalidi, wanda shi ne babbar ƙofar da kuɗi ke fita. Yaro ya ji faifan gwaninsa, ya bincika ya ji irin maɗaukin da ke jitarsa, ya saya, ya ɗaura, ya kaɗa, sai ya ji muryar kansa ce dai ta fito. Dalili kuwa abin da ya ji a faifai ya ratsa amfilifaya, da lasifika, da makirufo, da ɗakin ɗauka, da hannun injiniya, kafin duk waɗannan kuma ya fito daga yatsun wani mutum dabam. Sayen maɗauki saboda abin da aka ji ta lasifikar wayar hannu cinikin biri a sama ne. Abin da ya fi shi ne mutum ya dubi irin kiɗan da yake yi da inda yake yin sa. Makaɗan jita na Agadas da kewayenta, irin su Bombino, da Mdou Moctar wanda ke kaɗa Stratocaster da hannun hagu, kuma ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, salonsu na yatsu masu sauri ne da ƙananan muryoyi a jere, kowace tana bukatar a ji farkonta da ƙarshenta. Mai bin wannan tafarki in ya ɗaura hambaka mai zafi ya dushe abin da ya sa kiɗan ya yi daɗi. Damuwarsa ta gaskiya a wurin biki, inda wuta daga janareta take kuma babu wayar ƙasa, ita ce ƙugi, maganinta kuwa tilo irin wanda aka ɓoye masa naɗi na biyu a ƙarƙashi don kashe ƙugi, tare da shimfiɗa takardar jan ƙarfe a cikin ramin jita. Wanda kuwa ke kiɗan ƙarfe mai nauyi, shi ne ke da hujjar neman seramik, ko ma irin na EMG mai batir, kamar lamba 81 da makaɗan Metallica suka shahara da shi; sai dai ya sani wannan yana bukatar batir mai bolt 9, da bolum mai om 25,000, da sabon ramin waya, kuma ba ya zama lafiya da maƙwabci marar batir, ga shi in aka bar waya a soke batirin yana ƙarewa ko ba a kiɗa.

Bayan an tsai da shawara a kan sauti, saura awo, wanda mutane ke mantawa har sai kaya ya iso. Ramin tilo ba ya ɗaukar hambaka sai an sassaƙe itace, abin da ba ya gyaruwa in an yi nadama, shi ya sa aka ƙera tagwaye sirara masu shiga ramin tilo, irin su Hot Rails. Maɗaukin Telecaster da sukurorinsa uku da farantin ƙarfen gindinsa ba ya shiga Stratocaster. P-90 ma nasa ramin daban. Tsirkiyoyi kuma sun fi buɗewa a wajen jaki, kuma buɗewar ba ɗaya ba ce: tsakanin ƙusar farko da ta shida wajen milimita 49 zuwa 50 ne a tsarin Gibson, 52 zuwa 53 a tsarin Fender da jakin Floyd Rose, shi ya sa Van Halen ya karkata tasa hambakar don ƙusoshi su kusanci tsirkiya, maƙera kuma daga baya suka fitar da masu faɗi, Duncan yana kiran nasa Trembucker. Wanda ke da hambaka a jaki da tilo biyu a sama yana da wata matsala, domin bolum ɗaya ne ke hidimar mazhaba biyu. Masu gyara sukan sa mai 500,000, su rataya wa tilon rasista mai om 470,000 don su ga kamar 250,000 suke gani. Mustahabbi ne a zaɓi mai waya huɗu, wanda ake iya kashe naɗi ɗaya a bar ɗaya, ko da yake rabin hambaka matsakaiciya siririn sauti yake bayarwa, bai kai tilo na gaske ba. A kuma tabbata an tsoma shi cikin kaki, gama naɗin da bai sha kaki ba shi ne ke girgiza ya yi tsuwwa a gaban lasifika. A yi hattara da jabu, waɗanda ke yawo da sunayen manyan kamfanoni a kan rabin kuɗi.

Wajen ɗaurawa, kada a dogara da launin waya, domin kowane kamfani da nasa tsarin: a wajen Duncan baƙa ce ke ɗauke da sauti, ja da fara a haɗe su, a wajen DiMarzio kuwa ja ce ke ɗauke da sauti, baƙa da fara a haɗe, koriya a duka biyun ta tafi ƙasa. Idan an gama, a sa makunni a inda sabon da tsohon maƙwabcinsa ke aiki tare. In sautin ya zama siriri kamar daga hanci yake fita, alama ce suna saɓa wa juna, sai a musanya wayoyin sabon guda biyu. Daga nan a koma ga sukundireba, a daidaita tsayinsa har ƙarfinsa ya yi daidai da na wuya ko ya ɗara shi kaɗan, kuma kada a yanke masa hukunci a ɗaki shi kaɗai, sai an kaɗa shi tare da ganguna da bas, domin sautin da ya yi kaifi a ɗaki sau da yawa shi ne daidai a fili. Tsohon kuwa a naɗe shi da sukurorinsa da sifirin ɗinsa a ajiye, ba a gajarta wayarsa ba, nesa da bayan lasifika inda babban maganaɗisu zai iya raunana alniko, domin ran da za a sayar da jitar mai saye zai tambayi kayanta na asali.